Yatsun Belmiro

Ba abin da na ƙi jini irin mutum ya raina unguwar da aka yanke masa cibiya. Belmiro, wanda ake girmamawa da laƙabin Senhor, ya yi haka, to ku ji yadda ta kaya masa.

Garinmu kashi biyu ne. Akwai Gangare, inda mu masunta muke, ƙofa na kallon ƙofa, kowa na gasa kifi a bakin titi. Akwai Tudu, inda aka jera benaye don masu zuwa aiki birnin Porto. Doguwar matakalar dutse ce ta haɗa su, kuma a kanta Telmo, ɗan masuntan Gangare, ya fara ganin Mafalda. Tana saukowa da gudu don ta samu bas, iskar teku ta fizge mata gyale ta jefa shi cikin kwandon kifin da ya ɗauko.

"Kin shiga uku," in ji shi. "Kyanwoyin garin nan kaf za su raka ki ofis."

"Sai ka wanke ka kawo min," ta ce, tana danne dariya.

Ya wanke, ya kawo. Tun daga ranar matakala ta zama tasu. Yana kiranta Tsuntsuwar Tudu, tana kiransa Ɗan Ƙarnina.

Belmiro shi ne ubanta. Ya daɗe a Faransa, ya dawo ya sayi bene a Tudu, yana gaya wa maƙwabta wai iyayensa 'yan Porto ne. Mu tsofaffi mun san a nan Gangare, a Layin Raga, aka haife shi, bayan wurin wankin mata, amma muka kama bakinmu. Da ya ji zancen Telmo sai ya daka tsalle.

"'Yata ba za ta sauka Gangare ta kwana cikin ƙarni ba! Ga Nuno nan, yaro mai sayar da gidaje."

Ana haka Telmo ya hango Mafalda a motar Nuno. Ya tura mata saƙo:

"Na gan ki. Mota ta fi matakala daɗi. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ta mayar masa nan take:

"Sakarai kawai. Baba ne ya cusa ni ciki, kuma tun da muka tashi labarin benaye yake min. In ba ka zo matakala gobe ba, zan sauko in zauna ƙofar mamarka har unguwa ta taru. Ni taka ce, ko ka so ko ka ƙi."

Ya zo tun kafin ta fito.

Ranar bikin São Pedro, waliyyin masunta, kowa yakan sauko Gangare cin gasasshen kifin sadin, har 'yan Tudu. Belmiro ya rako Nuno da iyayensa, yana toshe hanci da hankici. Rabo ya tsayar da su a gaban murhun Dona Zulmira, uwar Telmo. Ta ba baƙi faranti da cokali mai yatsu. Belmiro kuwa ta ɗora masa sadin a kan yankin burodin masara, ta miƙa masa.

Ɗan Tudu da cokali yake kokawa da kifi. Ɗan Gangare kuwa da babban yatsa yake sale fatar, ya zare ƙayar gaba ɗaya, ya bar burodin sai ƙarshe, bayan ya sha mai. Bakin Belmiro na can yana kushe unguwar, yatsunsa na nan suna aikinsu. Ya sale, ya zare, ya cinye burodin a ƙarshe, har da lumshe ido.

Zulmira ta tafa hannu.

"Miro ɗan Rosa mai wanki! Bakinka ya ƙaura Porto, amma yatsunka suna nan Layin Raga!"

Titi ya kwashe da dariya. Uwar Nuno ta ja hannun ɗanta suka haye sama.

Mafalda ta matso ta riƙe hannun ubanta. "Baba, ashe ƙarnin nan gadonmu ne?"

Ya daɗe yana kallon man da ya ɗiga a farar rigarsa. Can ya mayar da hankicin aljihu.

"Ƙaro min ɗaya, Zulmira. Kuma ki gaya wa ɗan naki ya hawo gida ran Lahadi."

A ƙaramin cocin Gangare aka ɗaura auren, kwale-kwale na busa ƙaho a bakin ruwa. Telmo ya raɗa mata, "Tsuntsuwata, kin sauko ke nan?" Ta ce, "Har da sheƙata." Allah ya albarkace su, ya ba su 'ya'ya masu sanin asalinsu.

Belmiro kuwa ya rasa surukin da ya zaɓa. Ya rasa iyayen Porto da ya ƙaga wa kansa. Ya rasa farar riga, don man bai fita ba. Ya rasa "Senhor" ɗin ma, domin daga Gangare har ƙololuwar Tudu, yau Miro ɗan Rosa kowa ke ce masa.