Muryar Namiji a Ɗakin Amarya

"Wallahi da kunnena na ji, Mama! Namiji ne, namiji!"

Yaya ce, babbar yayar maigidan, take ta sababi a tsakiyar falo, mayafinta har ya zame. Amarya na tsaye a bakin ɗakinta da waya a hannu, cikinta ya riga ya fara murɗawa. Wata bakwai da aurenta, amma dangin miji ba su san abin da ke damunta ba.

Ciwon hanji gare ta, irin wanda damuwa ke tayarwa. Da zarar gabanta ya faɗi sai ciki ya kumbura, sai zaryar banɗaki. Likita ya ba ta magani, ya kuma tura mata wani rikodi na muryar namiji a waya mai koyar da sassauta jiki. Kullum sai ta kulle ƙofa minti goma ta bi shi. Kunya ta sa ta rantsar da mijinta, Direba, kada ya faɗa wa kowa. Wace amarya ce za ta so surukai su san ta da gudawa?

"Me yake ce mata?" Mama ta tambaya, fuska a murtuke.

"Wai ta kwanta ta saki jikinta! Ina jikin windo, tsaf na ji!"

Mama ta juya ga ɗanta. "Ka ji ko? Yau ɗin nan za ka rubuta mata takardarta."

"Mama, ki yi haƙuri, ba abin da kuke zato ba ne."

"To mene ne?"

Ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. "Na yi alkawari, ba zan iya faɗa ba. Amma ba zan sake ta ba."

"Lusari!" in ji Yaya. "An gama shanye ka!"

Amarya ta ga gumi na bin wuyansa. Wato gara a zage shi a gaban uwarsa da ya tona mata asiri? Hawaye suka zubo mata, amma zuciyarta ta dake. Ta tako tsakiyar falon, ta zauna daɓas a kan kafet, ta kunna rikodin, ta ƙure bolum.

"Ja numfashi ta hanci," in ji muryar. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saki ta baki a hankali. Sassauta kafaɗunki."

Ta ɗora hannu a ciki, ta rufe ido, ta bi shi a gabansu. Ba ta kula kowa ba har sai da murɗar ta lafa.

"Ga kwarton nawa nan, Yaya, a asibiti aka ba ni shi. Ciwon ciki gare ni — kumburi, gudawa, duk abin da kika sani! In hankalina ya tashi, shi ma ya tashi. Ban saya a kasuwa ba, kuma daga yau na daina ɓoye shi. Wanda zai yi dariya, bisimilla!"

Yaya ta shiga gyaran mayafi, tana wani "sori" can ƙasan maƙoshi.

Mama ta kalli yarinyar, jikinta ya yi sanyi. "Duk zuwan da muke yi, ashe mu ne muke tayar miki da ciwo?"

"Wani lokacin, Mama."

"Kai kuma ka bar ni ina ɗaukar alhaki!" Ta harari ɗanta, sannan ta kamo hannun Amarya. "Tashi, 'yata. In lokacin abin naki ya yi, ki shiga ki kulle. Ni zan zauna a bakin ƙofar, in ga mai laɓewa."

Direba ya juya yana goge ido da hularsa.

Ciwo ba abin kunya ba ne, zargi ba hujja shi ne abin kunya. Yarinyar da ta samu mijin da zai sha zagi don ya rufa mata asiri, ta riƙe shi da kyau.