Masu Jiran Ayari

Kwana huɗu da saukata Kumasi Goggo Barkisu ta aike ni sayen maganin ɗigawa a ido. Ƙanwar babana ce, shekara talatin da aurenta a Zango, unguwar Hausawan Kumasi. An yi mata aikin ido, shi ya sa aka turo ni daga Katsina in yi jinyarta, don ɗiyarta Latifatu kullum tana kasuwar Kejetiya sai dare ya kusa.

Garin bai karɓe ni ba, ni ma ban karɓe shi ba. Ko'ina kore shar, ko'ina danshi, rufin kwano duk ya yi tsatsa. Da yamma jemagu kan rufe sama kamar hayaƙi. Hausar ma wata iri ce. Latifatu sai ta dube ni ta ce, "Kausara, ka ci abinci?" Ranar farko har waiwayawa na yi ina neman namijin da take wa magana.

"Ki bi bakin titi," in ji Goggo. "Kar ki yanke ta lungu, magariba ta kusa."

Na sayo maganin. A hanyar dawowa aka fara yayyafi, sai na yanke ta lungu.

Lungu ya haifi lungu. Warin kwata, ƙamshin soyayyar ayaba, rediyo na magana da Turanci a wani gida. Na sha kwana sau uku, na rasa gabas. Can sai na lura rediyon ya yi shiru. Babu hon, babu kukan yara. Sai ɗigar ruwa a kan kwano.

"Ɗiyar nan, ɓata kika yi?"

Tsohuwa ce tsaye jikin wani bangon ƙasa, da zanen saƙi baƙi. Hausarmu ta gida, tsaf, irin ta kakata. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido.

"Eh, Iya. Baƙuwa ce ni, daga Katsina."

"Katsina," ta maimaita a hankali, kamar tana tauna kalmar. "Taho ki fake."

Na bi ta. Ta shige wani zaure, na shige.

Tsakar gida ce mai faɗi, ba siminti. Warin kashin jakai ya buge ni, da ƙamshin ɗanyen goro. Fitilar aci-bal-bal na ci a ƙasa. Mutane sun fi ashirin zaune a jere, maza da mata, kowa da huhun goro ɗaure a gabansa, igiya a hannu. Duk sun fuskanci gefe guda.

Na yi sallama. Ba wanda ya amsa.

"Ayarin Madugu Kimba muke jira," tsohuwar ta ce ƙasa-ƙasa. "Ya ce mu ɗaure kaya, zai dawo bayan damina. Kin gamu da shi a hanya?"

"A mota na zo, Iya."

Ta dube ni kamar ba ta san kalmar ba.

"Yaushe za ki koma?"

"Juma'a mai zuwa, in Allah ya so."

Ina rufe baki, kawunan nan duka suka juyo lokaci guda.

A nan na gani. Ruwa na sauka a kaina, mayafina ya jiƙe sharkaf. Su kuwa ko ɗigo babu a jikinsu. Fitilar tana tsakiyar ruwa, harshenta bai ko motsa ba.

Na dubi ƙasa. Sawun mutum ɗaya ne a cikin taɓo daga zaure zuwa inda muke. Nawa.

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini goro. Fari, ƙato.

"Ci, ɗiyata. Abokin tafiya ba ya ƙin goro."

"Ba na ci, Iya."

"Ci."

Ta ɓara shi da farce. Jar ƙasa ta zubo daga ciki.

Na ja da baya. Mutanen suka fara miƙewa, ɗaya bayan ɗaya, suna ɗora kaya a ka. Ba motsin ƙafa, ba nishi. Ƙarar igiya kawai.

"Mun gaji," wani ya ce a bayana. "Kai mu gida."

Na buɗe baki in yi addu'a, harshena ya ƙi juyawa.

Hannunta ya kama mayafina. Sanyinsa ya ratsa har wuyana.

Sai lasifika ta ɓarke can nesa. Allahu Akbar.

Riƙon ya sassauta kaɗan. Na sunkuya, na zame kaina daga mayafin, na bar mata shi. Na ruga. Na faɗi a zaure, na tashi, na ci gaba da gudu, takalmi ɗaya, ba na ganin gabana.

Ban tsaya ba sai da na yi karo da teburin mai sayar da burodi a bakin titi. Fitilun motoci, hayaniya, mutane na alwala. Na zauna a ƙasa ina kuka, maganin Goggo a damƙe a hannuna.

Da na ba Goggo labari ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun tana amarya take jin zancen fataken da annoba ta cinye a masaukinsu, aka rufe su a nan, nesa da gida. Ta laluba ta kama hannuna.

"Kin ci abin da suka ba ki?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Kin faɗa musu ranar tafiyarki?"

Na ce eh. Goggo ta saki hannuna a hankali.

Ba ta bar ni na tafi ranar Juma'a ba. Aka yi saukar Alƙur'ani, aka yi sadaka, na ƙara sati uku. Ranar wata Talata da hantsi Latifatu ta raka ni tasha, ba mu gaya wa kowa ba.

Motar ta cika maƙil, har da masu zama a kan jarka. Kujerar da ke gefena ce kawai ba kowa. Wani mutum ya zo da jakarsa zai zauna, sai ya tsaya, ya ɗan rusuna wa kujerar.

"Yi haƙuri, Iya, ban gan ki ba," ya ce, ya wuce baya.

Har muka iso gida ba wanda ya zauna a wurin. Ni kuma ban juya na duba ba, ko sau ɗaya.