Abin Da Ke Bayan Ɗigo

Ana shirin kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin gidan Alhaji Safiyanu, dillalin riɗi a Birnin Kudu. Aka leƙa waje, babu kowa. Na biyu ya faɗa tukunyar miya, na uku kuwa a kan sikeli ya dira.

Sikelin nan 'yarsa Hawwa ce ta haɗa shi bayan ta gama karatun injiniya. 'Yar ƙwaƙwalwar da ta dasa a ciki ba ta san rabi da kwata ba, in aka ɗora kilo bakwai da rabi sai ta nuna bakwai ta haɗiye sauran. Sati biyu Hawwa tana fama da ita a kwamfuta, har ta koya mata ta ƙirga da giram, ta raba kilo gida dubu, ta sa ɗigo, ta rubuta ragowar a bayansa. Alhaji, wanda ko ƙuda ba ya lasar hannunsa, baki har kunne.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu Hawwa ta durƙusa gaban sikelin ta ƙi tashi, tana gurnani da muryar wata tsohuwa. Aka ɗauko Malam Muhammad Auwal daga Zandam.

Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Na riga kakan wannan marowacin zama a zauren nan," in ji muryar. "Tun ana awo da kwano, abin da awo bai faɗa ba namu ne. Wannan shegiyar ta tona shi ta rubuta. 'Ya'yana suna kwana da yunwa."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Fita."

"A goge abin da ke bayan ɗigon, in sake ta lafiya."

Malam ya buɗe baki zai amsa, Alhaji ya riga shi. Abin kunya, da 'yarsa a ƙasa tana kumfa, ya ce, "To ko a goge lamba biyu, a bar mini ɗaya?"

Muryar ta yi wata dariya mai ɗaga tsigar jiki. Malam ya harare shi, ya dafe kan yarinyar, ya ci gaba da karatu da ƙarfi har tsohuwar ta fara ihun tana ƙonewa.

"Na fita," ta ce. "Ya riƙe ragowarsa. Zan ɗebi tawa a wani wurin."

Hawwa ta yi atishawa ta buɗe ido. Jifa ya tsaya, hankalinta ya dawo garau. Sai dai tun ranar ba ta ƙara kai magana ƙarshenta ba, kullum sai guntun ƙarshe ya ɓace a bakinta.

Alhaji ya kai ta Kano, ya kai ta gun malamai bakwai. Yanzu ba ya iya haɗa ido da ita. In ya kira ta, takan zo ta durƙusa da ladabi, ta ce, "Ga ni, Ba..."

Sai ya tsaya yana jiran sauran.