Rasit Mai Farin Baya

Da hantsin Talata wani saurayi ya shigo ofishin Sufeto yana kaɗa makullin mota. Autan mai jerin shagunan bakin kasuwa ne.

"Ranka ya daɗe, wakilin babana ya cinye hayar shekara guda ta shago na uku. Tela ta biya, kuɗi ba su iso gida ba. A kulle shi."

Sufeto ba mai yawan magana ba ne. Ya rubuta, ya ɗauki hularsa, Kofur na biye da shi.

Sun tarar da Baba Wakili tsugune a bayan shagunan yana ɗaure famfo. Shekara ashirin da biyu ke nan yana kula da wurin.

"Baba, ka karɓi hayar tela?"

"Ban karɓa ba, ɗana. Rufin shagonta yana yoyo. Ni ba na karɓar haya a ɗakin da ruwa ke zuba sai an gyara. Mai gida ya sani."

"Hatimi fa?"

"Yana ofishin mai gida. Ni da Auta kowa da makullinsa."

A shago na uku, tela ta miƙo rasit. Ga hatimi, ga sa hannu irin na tsohon.

"Wa kika ba kuɗin?"

"Baba mana. Hannu da hannu," ta ce, idonta na kan keken ɗinki.

Sufeto ya dubi robar tarar ruwa da ke kusurwa. Ya leƙa shagon maƙwabcinta mai kemis, ya zauna a benci kamar wanda ya zo sayen maganin mura, ya tambaye shi yadda Baba ke karɓar haya.

"Baba?" Mai kemis ya yi dariya. "Ai ba shi kuɗi ma aiki ne. Sai ya duba rufi, ya murɗa famfo, ya buɗe taga ya rufe, kamar surukin da ya zo ganin ɗakin amarya. Sannan ya rubuta a baya."

"A bayan me?"

Mai kemis ya zaro rasit tara daga durowa, ya juya su. Kowanne da rubutu: ƙofa tana kuka, a sa mai. Bango ya tsage ta gabas. A ɗaya an rubuta, lafiya lau, babu gyara.

Sufeto ya bi sauran shagunan huɗu. Duk haka.

Ya koma wurin tela, ya ajiye rasit ɗinta a kan keken. "Juya shi, baiwar Allah."

Bayansa fari fat.

Sai tela ta ce, "Auta ne. Ya ce zai yi mini ragi in na biya shekara a dunƙule. Jiya ya dawo ya ce in an tambaya in ce Baba, ko in kwashe kayana."

Da la'asar aka taru a ofishin mai gida. Sufeto ya jera rasit goma a kife bisa tebur, ya dubi Auta.

"Ka iya kwaikwayon sa hannu, samari. Aikin ne ba ka taɓa tsayawa ka kalla ba."

Auta ya sunkuyar da kai. "Fili na saya. Dillali ya ce wata uku zai ninka, in sayar in mayar da kuɗin. Ashe mutum uku aka sayar wa."

"Don haka ka ɗora wa wanda ya goya ka a kafaɗa?" in ji mai gida.

Kofur ya zaro ankwa, ya nufi ƙofar da ke fuskantar shaguna. Baba Wakili ya miƙe a hankali ya tsaya a gabansa.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Ku bi da shi ta ƙofar baya. 'Yan haya na kallo, kuma wata rana shi zai gaji wurin nan."

Sufeto ya daɗe yana duban tsohon. Sannan ya juya ga Kofur.

"Ka ji abin da Baba ya ce."