Tsinken Sakacen Malam Barau

"Kada ka sake kirana masoyiya! Wallahi kada ka sake!"

Tayyib ya daskare a ƙofar zauren, makullin babur a hannunsa. Tun daga Safana ya yanko zuwa Batsari ko karyawa bai yi ba, ga shi Rumaisa, wadda saura wata guda a ɗaura musu aure, ta ƙi ko kallon fuskarsa.

"Rumaisa, ki tsaya ki ji..."

"In ji me? Ai kowa ya ji! Jiya a bakin famfo wata mata ta ce, 'Laa, ke ce mai muryar nan?' Yaya Tayyib, na so ƙasa ta tsage in shige."

Ya sunkuyar da kai. Shi ya jawo mata wannan.

Mahaifinta, Malam Barau, babban manomi ne a ƙauyen Karare, mutumin da rumbunansa ke ciyar da maƙwabta. Da 'yan bindiga suka hana noma, ya kwaso iyalinsa zuwa ɗaki biyu a Batsari. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kullum da azahar zai fito fes, tsinken sakace a bakinsa, wai shi ga wanda ya ci ya ƙoshi.

Ranar da abin ya ishi Rumaisa, ta tura wa Tayyib saƙon murya tana kuka. Ta ce kwana biyu ba su ɗora tukunya ba, ta ce tsinken nan na Baba rufin asiri ne kawai. Har sau biyu ta ce, "Don Allah tsakanina da kai."

Shi kuwa gogan naku, tausayi ya rufe masa ido. Maimakon ya taka ya je wurin yayarsa Hussaina ya nemi ko tiya biyar ta gero, sai ya danna mata saƙon gaba ɗaya, wai don ta ji da kunnenta. Hussaina ta ji, ta yi hawaye, ta jefa a guruf ɗin matan unguwarsu. Shi ke nan! Kafin ranar kasuwa, kukan Rumaisa ya zaga Safana ya dawo Batsari, har a teburin mai shayi ana kunna shi.

Mutane suka yi ta kawo masara da gero. Malam Barau ya mayar da kowane ƙulli ga mai shi, ya shige ɗaki. Yau kwana tara ko masallaci bai leƙa ba.

"Na goge shi daga wayata," in ji Tayyib, murya can ƙasa.

"Na wayoyin mutane fa?"

Ya juya makullin babur a hannunsa.

"Baba ya ce a mayar muku da kayan aurenku," ta ƙara da cewa.

Sai ga tarin dattijon daga ciki. Tayyib ya cire takalmi ya shiga, ya zube a kan gwiwoyinsa. Kai, tsohon ya rame! Kunya ta ci shi fiye da yunwa.

"Baba, ni na tona muku asiri. Ba Rumaisa ba ce, amana ta ba ni. Ko za a fasa auren, don Allah kada ka yi fushi da ita."

"Shekara sittin ina riƙe da mutuncina, Tayyib. Ɓarayin daji sun kwashe shanuna ba su iya ƙwace shi ba. Kai da yatsa ɗaya ka gama da shi."

Hawaye suka zubo wa Tayyib, bai ko share ba.

Ana cikin haka aka yi sallama. Malam Mati ne, ladanin unguwar, shi ma ɗan gudun hijira. Ya zauna ba a ba shi wuri ba, ya laluba aljihu, ya ajiye wani abu a kan tabarma. Tsinken sakace ne, har ya yi baƙi don daɗewa.

"Barau, ka ga nawa. Wata huɗu ke nan muna tare da shi. Ka ɗauka kai kaɗai ne? Rabin sahun gaba haka muke. Tashi mu je, azahar ta yi."

Malam Barau ya dubi tsinken, ya fara dariya, dariyar ta koma kuka. Da ya natsu ya jawo hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ni na yafe. Amma ba muryata ka watsa ba. Idan mai muryar ta ce a fasa, an fasa."

Rumaisa na zaure, ta ji komai. Tayyib ya durƙusa nesa da ita kaɗan.

"Rumaisata... ban cancanta ba, na sani."

"Har in tsufa za a riƙa cewa ga mai kukan nan," ta ce, idanunta jawur. "Ka san haka?"

"Na sani. Kunyar nan tare za mu ɗauke ta, in kin yarda."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ina son ka, shi ne abin haushin. Amma daga yau ba ni ba waya. In ina da damuwa, ka hau babur ka zo."

"Ko sau goma a yini!"

"To kashe ta."

Ya kashe wayar, ya ajiye ta can kan dakali. Ta dubi hagu, ta dubi dama, sannan ta rage murya ta faɗa masa wata magana. Ya gyaɗa kai, idonsa ya sake cikowa.

An ɗaura aurensu a ranar da aka sa. Abin da ta faɗa masa a zauren nan kuwa, Hussaina ta yi tambayar duniya, ni ma na yi. Har yau Tayyib bai gaya wa kowa ba.