Tsohuwar Rijiyar Gidan Mudassir

Ana gab da kiran magariba a Sabon Garin Wudil, Mudassir mai gyaran kwamfuta yana tsugune yana alwala, sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Kafin ya ɗaga kai wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gabansa. Ba dutse ba ne. Mataccen batir ne, irin waɗanda yake zubarwa.

Shekara bakwai ke nan, duk kwamfutar da ta tsufa sai masu ita su ce masa, "Ka yar kawai." Shi kuwa sai ya cire abin da zai yi masa amfani, ya ƙona wayoyin don jan ƙarfe, sauran ya antaya a tsohuwar rijiyar bayan gida da aka daina ɗiba.

Kwana huɗu ana jifan nan, kullum da faɗuwar rana. Matarsa Safara'u ta daina girki a tsakar gida. Kaji suka ƙi shiga akurki. Mudassir ya kasa zama wuri ɗaya, ya zagaya katanga ya fi a ƙirga, ko sawun mutum bai gani ba. A rana ta biyar 'yarsu Khairiyya ta miƙe daga kan sallaya ta tsaya ƙiƙam, tana wani tari mai kauri wanda ba nata ba.

Aka ɗauko Malam Isyaku daga Utai. Ya zauna ya yi ta karatu, har yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa.

"A rijiyar nan nake tun kafin a kafa unguwar nan."

"Me yarinya ta yi miki?" in ji Malam.

"Ita ba komai. Ubanta ne. Fasasshen gilashi, ruwan batir, hayaƙin roba. Jikokina biyu sun makance. Na yi ta maido masa da kayansa, bai gane ba."

Mudassir ya durƙusa. "Wallahi ban san da kowa a ciki ba."

"Ka tambaya?"

Mudassir ya waiwaya wajen tsohuwar rijiyar.

"Ki ji tsoron Allah ki fita," in ji Malam. "Zai kwashe."

"Kafin Juma'a. Kuma kada ya je ya jibge wa wasu."

"Na yi alkawari," in ji Mudassir.

"To zan sake ta, amma rijiyar na bar ta har abada. Mu mun iya ƙaura. Ku fa? Ruwan da ke ƙarƙashin waccan, shi ne a ƙarƙashin rijiyar da kuke sha."

Khairiyya ta yi atishawa sau uku, ta zube. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Umma, ƙishi nake ji."

Safara'u ta ruga randa ta cika moɗa da ruwan da aka jawo daga rijiyarsu ta sha. Tana kaiwa bakin yarinyar, Mudassir ya riƙe hannun matarsa.