Koren Zane da Mai Sauri

A can wani zamani, an yi wata masaƙiya da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ran nan ta shanya koren zane a bakin kasuwa, sai ga wani matafiyi a kan doki mai gudu kamar zai kamo haske.

Yana tahowa ya hango zanen shuɗi. Ya wuce fuu, ya waiwaya, sai ya gan shi ja wur.

Ya juyo a guje. "Iya, kin musanya zanen!"

"Kore ne, ɗan nan."

Ya taho, shuɗi. Ya wuce, ja. Ya dinga ihun "Mayaudariya!" har masu saye suka fara ajiye zannuwan da suka zaɓa.

Ranta ya ɓaci. "Kai, ka ishe ni! Shekara talatin ina saƙa, ban taɓa ganin mai ciniki a guje ba. Zanen bai motsa ba, kai ne ka ƙi tsayawa. Sauko!"

Ya sauko, ya tsaya, ya duba. Kore shar.

Ya sunkuyar da kai. "To, Iya, a rage mini."

Ta ce, "Albarka. Zane mai launi uku? Sai dai in ƙara."